Amsa ga ɗana, kan sunan Kaka Nomau

Ɗana, saƙonka ya iso tun ranar Laraba. Ƙanwarka ce ta karanta mini shi a waya, don idona ya daina jituwa da ƙananan rubutu. Ka ce maiɗakinka ta kusa sauka, Allah ya raba lafiya, kuma in namiji ne kana so ka sa masa Nomau, sunan kakanmu ni da babanka. Sai dai abokanka na zumuntar matasa sun ce maka mutumin da ya mutu Bamaguje, ba baftisma, yana yi wa iskoki yanka, sunansa zai jawo wa yaro la'anar kakanni, har wai sai an yi azumin kwana uku a karya abin da ke bin jininmu. Da aka zo wurin azumin nan sai da na murmusa. Amma da dare ya yi barci ya ƙi zuwa, na yi ta juyi ina tunanin yadda aka yi har ɗan gidanmu ya fara tsoron sunan gidansu.

Ka dai san ma'anar sunan? Nomau shi ne yaron da aka haifa ana tsakiyar noma. Shi ke nan. Ba sunan iska ba ne, ba na dodo ba. Mutanenmu na da ba sa tafiya nesa neman suna, abin da ya faru a gida shi suke liƙa wa jariri. Namijin da ya biyo bayan mata Tanko, macen da ta biyo bayan maza Kande, mai yatsa shida Cindo, wadda ta zo ran Lahadi Ladi. Wanda uwarsa ta sha binne 'ya'ya kafin shi, a kai shi kan juji a ajiye a ɗauko, a ce Ajuji, ko mutuwa ta raina shi ta wuce. Ka ji sunan mutum, ka ji labarin ranar da ya zo duniya da halin da uwarsa ke ciki.

Ba zan wanke maka Kaka da ƙarya ba. Ya yi tsafi. Da idona na ga jan zakara a hannunsa a gindin tsamiyar bayan gida kafin a fita shuka, na ga jinin a jikin icen. Yana shan burkutu, matansa uku. Abin da ya taras ke nan a ƙauyenmu na ƙasar Malumfashi, a kai ya rayu. Amma bari in ba ka labarin rana ɗaya, wadda ban taɓa zama na ba babanka ita dalla-dalla ba, don lokacin yana goye.

Shekarar 1969 ce, da kaka, an yanke gero ana jiran dawa. Yaƙin basasa bai ƙare ba, samarin ƙauyenmu da dama sun tafi soja. Ina da shekara 17. Babanmu ya riga ya karɓi Almasihu da 'yan shekaru, kuma lokacin masu wa'azin bishara 'yan Sabon Rai Don Kowa suna yawo ƙauye ƙauye da ganga da waƙa, zuciyata ta kama wuta. Na gama ajin baftisma, aka sa rana. Mu tara ne. Tun da asuba muka gangara rafi, ruwan ya ja baya amma akwai wani gurbi mai kai wa ƙirji. Mai bisharar ƙauyenmu ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana tambayar sunan da za a kira mu da shi a ruwa. Da ya zo kaina na ce Bulus. Ya dube ni ya ce, "Tanko ma ai suna ne." Ka riƙe wannan, ɗana, ba wanda ya tilasta mini. Ni na ce a'a, Bulus nake so.

Har yau ina jin sanyin ruwan nan a ƙashina. Da fasto ya ɗago ni, mata suka rangaɗa guɗa, aka ɗauki waƙa, muka biyo hanyar gona rigunanmu na ɗiga, ƙaiƙayin gero na manne mana a ƙafa. Murnar ranar nan gaskiya ce, ban taɓa nadamar shiga ruwan ba, ko sau ɗaya.

Muka iso ƙofar gida. Kaka na zaune kan fatar akuya a inuwar zaure, ya naɗe wando zuwa cinya yana tufka igiyar rama. Bai je rafi ba, amma tun safe yake wurin yana jiran dawowarmu. Ya ɗaga kai ya ce, "Tanko, an fito?" Ni kuwa, da zafin sabon tuba, a gaban baƙi da yara, na ce, "Kaka, Tanko ya mutu a ruwa. Bulus nake yanzu."

Hannunsa ya tsaya a kan cinyarsa. Igiyar ta warware kaɗan, bai kula ba. Can ya ce, "Shi wannan Bulus ɗin, mutumin ina ne?" Na ce Bayahude ne, daga wani gari Tarsus, manzon Yesu. Ya ce, "Yana noma?" Na ce a'a, tanti yake ɗinkawa. Ya gyaɗa kai ya ce, "To, yana da sana'a. Ba laifi." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ranar da aka haife ka, bayan mata uku, ni na fito nan na ce Tanko ya zo. Ban san abu ne mai mutuwa a ruwa ba."

Ban ba shi amsa ba. Na tsaya ruwa na zuba daga rigata yana jiƙa ƙasar gabansa. Sai ya kira wani yaro ya ce a kamo baƙin bunsurun nan na garke, wanda kowa ya san ajiyarsa ne. Aka kawo. Ya miƙa wa babanmu igiyar ya ce, "Ka yanka da hannunka, yadda ku kuke yi, a nan ƙofar gida. Kada a kai shi bayan gida. Baƙin jikana ba sa cin na tsamiya." Da naman nan aka ciyar da masu bi na ƙauyuka uku a ranar. Shi kuwa ya ci nasa a zaure shi kaɗai, ya koma kan igiyarsa.

Daga ranar bai sake ce mini Tanko ba. Harshensa bai iya sunan sosai ba, "Bulusu" yake cewa, amma bai taɓa kuskure ba, ko a cikin fushi, ko a cikin ciwo. Shekara biyar ina jira ko bakinsa zai suɓuce. Na sha yin niyyar in durƙusa in ce masa, Kaka, ka kira ni da wanda ka raɗa mini, kunya da girman kai na samartaka suka hana ni. Yau shekaruna sun haura 70, kuma duk duniya mutum ɗaya ya rage mai kirana Tanko.

Sai daga baya, da na zauna da Littafi da kyau, na ga abin da mai bishara ya so ya nuna mini a bakin rafi. Shi Bulus ɗin da na ari sunansa bai taɓa ɓoye asalinsa ba. Duba Filibiyawa sura 3 da Romawa sura 11, da bakinsa yake faɗin shi na kabilar Biliyaminu ne. Afolos, wanda ya yi wa'azi a Afisa da Koranti, sunansa daga na wani gunkin Helenawa ya samo asali, kuma da shi ya yi hidima. Buɗe Matiyu sura ta 1, wadda ku yara kuke tsallakewa don jerin sunaye ne. Rahab tana ciki, Rut mutuniyar Mowab tana ciki, an rubuta su a asalin Ubangijinmu ba a goge ba. Abokan naka kuma su karanta Ezekiyel sura 18, inda Allah ya hana Isra'ilawa karin maganar nan tasu ta iyaye sun ci 'ya'yan inabi masu tsami haƙoran 'ya'ya sun mutu. In jinin Almasihu bai isa ya tsare jariri daga suna ba, azumin kwana uku me zai ƙara?

Babanmu, Allah ya sa yana hutawa, yakan ce, "An kira mu mu bar tsafi, ba a kira mu mu bar uba ba." Haka kuma ya yi. Tun da ya tuba bai sake riƙe wa Kaka ƙafar zakara ba, ya faɗa masa a fili, sun yi wata guda ba sa haɗa ido. Amma kowace safiya shi ne na farko a gandu, kunyar Kaka yake fara kamawa kafin tasa, kuma bai taɓa cin sabon hatsi ba sai an kai wa tsohon nasa. Na san za a ce maka suna linzami. Gaskiya ne. Innarmu takan ƙara da cewa linzami ba ya jan doki sai da hannu a kansa.

Lokacin farin 1973, da gonaki suka ƙone, mutane suka yi ta gangarowa daga arewa da 'yan ƙullin kayansu, Kaka ya sa aka buɗe babban rumbunsa mai hatsin shekara biyu. Bai tambayi kowa wa yake bauta wa ba. Musulmi sun auna, mu masu bi mun auna, baƙin da ba mu san harshensu ba sun auna. Da daminar da ta biyo ya kwanta. Daren ƙarshe babanmu ya nemi izini ya yi masa addu'a, ya miƙo hannu, suka riƙe har aka ce amin. Ba a yi masa baftisma ba, ba zan ce maka an yi ba. Abin da ya wuce tsakaninsa da Mahaliccinsa na bar wa Mai shari'ar gaskiya. Amma a ce mutumin nan la'ana ya bar mana, wannan bakina ba zai iya faɗa ba.

Abin da ya fi damuna a saƙonka shi ne inda ka ce a wurin aiki ana yi maka dariya, wai Bahaushe ba ya zama Kirista, a coci kuma wasu na kallonka kamar baƙo. Na sha wannan kafin a haife ka. Na taɓa yini a wani ofis ina neman wa yayarka takardar shaidar asali, ma'aikacin ya dubi sunana ya ce in faɗi garinmu na gaskiya. Na lissafa masa kakanni huɗu da unguwarsu da gonakinsu, da Hausar da ta fi tasa tsufa. Ka ga amfanin sanin sunayen? Da na jefar da su, da me zan tsaya a gabansa?

Ka samu lokaci ka je Wusasa, kusa da Zariya. Na fara zuwa ne da na kai Innarmu asibitin mishan, na shiga tsohuwar majami'ar nan ta ƙasa, ginin magina Hausawa, da bakanta kamar soron sarki, na zauna na kasa tashi. Tun 1929 mishan ta koma can daga cikin birnin Zariya, inda Dakta Miller, Baturen mishan, ya zauna tun 1905. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, kakanninmu suka ji Allah yana magana da harshen da suke cinikin gero da shi. Likitan farko a Arewa, wanda babban asibiti a Kaduna ke ɗauke da sunansa, Kirista ne ɗan Wusasa, kuma da Barau Dikko duniya ta san shi. Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, shi ma a can ya yi karatun farko. Ba jiya muka zo ba.

Amma ku ma kuna da naku. Bikin ƙanwarka na bara, daga buɗewa har rufewa da Turanci aka yi, tsofaffin da suka yi goyonku suna zaune kamar an gayyato su kallo. Jikokina na Abuja in na ce "sannu da zuwa" sai su dubi uwarsu. Sunaye kuwa duk sun koma Favour da Precious, alhali ga Alheri, ga Godiya, ga Murna, ga Nasara, waɗanda kaka za ta iya kira ba ta ciji harshe ba. Kai kanka shekara uku ke nan ba ka taka gida ba, kuma sai da ka gama jin ta bakin abokai sannan ka tuna kana da uba a ƙauye. Zumunta a ƙafa take, ɗana. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Maganar a sa ko kada a sa, ba ni kaɗai ke da ita ba. Yarinyar nan ita ta ɗauki cikin wata tara, ka zauna da ita, ka ji ta bakin iyayenta, kada ka kai mata suna kamar umarni. Ka kuma sani, Gwaggo, autar Kaka, tana nan da ranta, ita ce mutum ɗayan da na ce tana kirana Tanko. In ka sa sunan, ba za ta taɓa iya furta shi ba, don 'ya ba ta kiran sunan ubanta. Baba za ta riƙa ce wa jaririn, ta durƙusa masa da wasa. Da aka karanta mata saƙonka jiya, ba ta ce komai ba, ta juya fuska bango ta daɗe. Da ta juyo sai ta ce in tambaye ka watan haihuwar, don ta fara tanadin kanwa da daddawa na mai jego, kuma in gaya maka hauyar Kaka tana nan ƙarƙashin gadonta, ƙotar ce kawai gara ta taɓa.

Ka gaida maiɗakin naka da jiki. Ka kira Gwaggo ran Lahadi bayan an taso sujada, lokacin ƙanwarka na kusa da za ta riƙe mata wayar.