Muna ba tumatirinmu ruwa safe da yamma, me ya sa yake yaushi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu iyalai huɗu ne a gida ɗaya, muka haɗa hannu muka yi ɗan lambu a tsakar gida, tumatir a cikin tsofaffin bokitai 12. Da farko abin gwanin sha'awa. Yanzu kuwa ganyen ƙasa duk ya koma rawaya, na sama ya langaɓe, alhali ba mu taɓa barin su da ƙishirwa ba. Ni ina zubawa da safe, maƙwabciyata da yamma, yara ma duk wanda ya gitta da buta sai ya ɗan tsiyaya. Har tsakuwa muka zuba a gindin bokitan don ruwa ya riƙa wucewa. Takin zamani za mu ƙara, ko magani za mu fesa? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kada ku ƙara taki, kada kuma ku fesa komai tukuna. Bisa abin da kika zayyana, gata ne ya yi wa tumatirin nan yawa. An ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, to amma bokitin shuka bai san wannan karin maganar ba.

Abin da yawancin masu lambu ke mantawa shi ne saiwa tana numfashi. Ƙasa mai kyau, in aka auna ta, kusan rabinta ne kawai ƙasa ta zahiri. Sauran rabin ƙananan ramuka ne tsakanin ƙwayoyinta, kuma ana so ruwa ya riƙe rabin ramukan nan, iska ta riƙe rabi. Duk lokacin da aka yi ban-ruwa, ruwa yakan kori iskar, sannan in ya tsiyaye sabuwar iska ta biyo bayansa. Idan kafin na safe ya tsane an kawo na rana, kafin na rana ya tsane an kawo na yamma, yaushe iskar za ta shiga? Tumatir kuwa ba shi da juriya a nan. Kwana ɗaya zuwa biyu a cikin ƙasar da ta jiƙe sharkaf sun isa ƙananan saiwoyinsa, masu kama da gashi, su fara mutuwa. Su ne kuma masu tsotson ruwan. Shi ya sa za ki ga shuka tana zaune cikin laka tana yaushi kamar wadda aka manta da ita mako guda. Mai lambu ya ga yaushi ya ce ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa, abin ya daɗa lalacewa.

Ga yadda za ki bambance. Shukar da ke langaɓewa da tsakar rana ta miƙe da la'asar, galibi lafiyarta ƙalau, zafi ne kawai. Wadda kika tarar da sassafe a langaɓe, ga ƙasarta a jiƙe, matsalarta a saiwa take. Ki zaɓi bokitin da ya fi jin jiki, ki kifa shi a hankali ki zare ƙasar gaba ɗaya. Saiwa mai rai fara ce, tana da ƙwari. Ruɓaɓɓiya kuwa launin ƙasa-ƙasa take, in kika ja ta da yatsu biyu sai fatarta ta saɓule ta bar miki ɗan zare. Ki sansana gindin ƙasar ma. In kin ji tsami ko warin kwata, to ruwa ba ya tsami banza: ƙwayoyin halittar da ke rayuwa inda babu iska ne suka kama gida. A irin wannan damshin ne cututtukan saiwa irin su Pythium da Phytophthora ke yaɗuwa, domin irinsu iyo yake yi cikin ruwan ƙasa daga wannan saiwa zuwa waccan.

Maganar tsakuwa kuma, ba ku kaɗai ba ne. Shawara ce da aka daɗe ana gadonta, kuma akasin abin da ake nema take haifarwa. Ki gwada da soson katifa. Ki jiƙa shi, ki kwantar da shi a tafin hannu har ya daina ɗiga, sannan ki tsayar da shi a tsaye. Za ki ga ruwa ya sake zubowa, kuma in kika taɓa, ƙasansa ya fi samansa jiƙa. Haka ƙasar bokiti take. Kullum akwai wani sashe a can ƙasa da ke riƙe ruwa, domin ruwa ba ya yarda ya bar ƙasa mai laushi ya shiga tsakuwa mai manyan ramuka sai ƙasar ta cika ta batse. Da kuka sa tsakuwa, abin da kuka yi shi ne ɗago wannan jiƙaƙƙen sashe sama, kusa da saiwa, kuka kuma rage wa shukar wurin zama. Abin da bokiti ke bukata ramuka ne, biyar ko shida a gindi, kowane kamar kaurin ɗan yatsa, sannan a ɗora shi kan duwatsu ko bulo don kada daɓe ya toshe su. Tushen tumatir ɗaya yana son bokiti mai cin lita 20, da ƙasar da aka cakuɗa da ruɓaɓɓen taki da ɗan yashi mai manyan ƙwayoyi. Zallar laka a bokiti siminti take zama.

Wannan tunani na cewa ruwa ne abincin shuka tsoho ne, har masana ya taɓa ruɗa. Wani likita ɗan birnin Brussels na ƙasar Beljiyam ta yau, Jan Baptist van Helmont, ya dasa itaciya mai nauyin kilo 2 da ɗoriya a cikin busasshiyar ƙasa mai kimanin kilo 90, ya shekara 5 ba ya ba ta komai sai ruwa. Da ya auna, itaciyar ta kai kusan kilo 77, ƙasar kuwa abin da ta rasa bai kai giram 60 ba. Sai ya yanke cewa ruwa ne ya zama itace, kuma haka aka buga a 1648, bayan rasuwarsa. Awonsa daidai ne, fassarar ce ta kuskure masa. Daga baya aka gano yawancin busasshen jikin shuka daga iskar da ganye ke shaƙa yake samuwa, da taimakon hasken rana. Ruwan da saiwa ke ja kuwa, fiye da kashi 95 cikin 100 wucewa yake yi ta ganye ya koma sama. Ma'ana, bukatar shuka ga ruwa tana bin yawan ganyenta da zafin rana da kaɗawar iska. Ba ta bin agogo. Ranar da hadari ya rufe, abin da za ta sha bai kai na ranar da aka buɗe rana ba.

Rawayar ganyen ƙasa ita ma daga nan take. Sinadarin naitirojin, ɗaya daga cikin abincin da shuka ke ja daga ƙasa, yana bin ruwa cikin sauƙi, yawan ban-ruwa yana wanke shi, shuka kuma sai ta kwashe ragowar daga tsofaffin ganye ta kai wa sababbi. Ke nan da gaske akwai yunwa, amma takin zamani gishiri ne, in aka zuba shi kan saiwa mai rauni ƙona ta zai yi. A bari sai an ga sabon toho, sannan a ba da kaɗan.

Yanzu dai ku dakatar da ruwa gaba ɗaya. Ku ƙara huda bokitan, ku kai su inda za su sami rana ta sa'a 6 zuwa 8. Waɗanda saiwarsu ta ruɓe fiye da rabi, a gaskiya ban cika wahalar da kaina a kansu ba, sabon dashe a sabuwar ƙasa ya fi sauri. In akwai wanda ya yi yaushi farat ɗaya ganyensa na kore shar, ki yanke karansa ki tsoma bakin a kofin gilashi mai ruwa. In bayan 'yan mintoci kin ga wani farin abu yana sauka kamar zaren hayaƙi, cutar bakteriya ce, ba ta da magani. A tuge shi, a zubar da ƙasar nesa da lambun.

Sauran aikin na mutanen gidan ne, kuma shi ya fi wuya, don ba wanda ke son a ce alherinsa ne ya yi ɓarna. Ki bi maƙwabciyarki a sannu. Ku raba ban-ruwa mako-mako, mutum ɗaya ke da shi har makonsa ya cika. Mai aikin ya soka yatsa cikin ƙasa zuwa gaɓa ta biyu. In ya ji sanyi da damshi, ya wuce. In ya ji bushewa, ya zuba a gindi, ba a kan ganye ba, a hankali har ruwa ya fito ta ramukan ƙasa. Da safe ya fi. Yaran kuma kada a kore su daga lambun, a ba su wani aikin: su riƙa ɗaga ganye suna duba tsutsa, su ɗaure rassa a jikin sanda, su ƙirga furanni. In hannunsu na ƙaiƙayin zuba ruwa, a ware musu bokiti ɗaya nasu na kansu, mai ramuka da yawa.