Tambaya da Amsa: Ƙanena da Injiniyoyin Romaniya a Montreyal

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina rubuto maka daga Tawa a kan ƙanena, wanda ya karanci aikin lantarki a makarantar EMIG ta Yamai, ya yi aiki shekara huɗu a gida, sannan Allah ya nufe shi da tafiya Kanada. Yau shekararsa ɗaya da rabi a Montreyal, amma har yanzu lodin kaya yake yi a wani sito, domin an ce masa takardarsa ba ta ba shi ikon kiran kansa injiniya a can ba. Kwanan baya ya shaƙu da wani maƙwabcinsa ɗan Romaniya, shi ma injiniya, wanda yake jan sa zuwa tarukansu, wani lokaci ma a zauren da ke jikin cocinsu. Hankalin mahaifiyarmu ya tashi, ta ce in sa shi ya daina. Su wane ne mutanen nan, kuma me zan faɗa wa Inna?

Mai karatu daga Tawa

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri bisa wannan kulawa. Tun da farko zan faɗa maka ra'ayina ba tare da kwana-kwana ba: kada ka hana shi, domin a cikin duk abin da ka zayyana, maƙwabcin nan shi ne labari mafi daɗi.

Romaniya ƙasa ce a gabashin Turai wadda ta daɗe tana yaye injiniyoyi masu yawa a manyan makarantunta na Bukarest, Timishowara, Kuluj da Yashi. A zamanin mulkin gurguzu fita daga ƙasar abu ne mai wuyar gaske, amma da gwamnatin shugaba Chawshesku ta faɗi a watan Disamba na 1989, masana'antun gwamnati suka shiga rufewa, sai masu ilimi suka fara neman mafita, kuma Kanada na cikin ƙasashen da suka karɓe su saboda tsarinta na zaɓen baƙi bisa ilimi da sana'a. Da Romaniya ta shiga Tarayyar Turai a 2007 ƙofa ta ƙara buɗewa, har ƴan Romaniya da ke Italiya kaɗai suka haura miliyan ɗaya. Ƙidayar 1992 ta nuna mutum kusan miliyan 23 a Romaniya, ta 2021 kuwa miliyan 19 da ɗoriya kaɗan. Ka ga ke nan su ma mutanen cin rani ne, sun san ɗacin barin gida kamar yadda Adarawa suka san shi. Abin da ya kai da yawansu Montreyal kuwa shi ne harshe, domin yarensu ɗan'uwan Faransanci ne, ƙasarsu tana cikin ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, har ta karɓi baƙuncin taron ƙolinta a Bukarest a 2006.

Abin da aka faɗa wa ƙanenka gaskiya ne, kuma ba shi kaɗai aka faɗa wa ba. A lardin Kebek, inda Montreyal take, doka ta hana kowa amfani da sunan injiniya sai wanda yake cikin rajistar hukumar injiniyoyin lardin, wato OIQ. Wanda ya yi karatu a waje sai ya kai takardunsa a auna su, wataƙila a ɗora masa jarrabawar wasu darussa, sannan ya yi aiki na wata 24 a ƙarƙashin injiniya mai lasisi, ya kuma ci jarrabawar dokoki da ɗa'ar sana'a. Wahalar ita ce kamfani yana son wanda ya taɓa aiki a ƙasar, shi kuma baƙo ba shi da inda zai fara. Matsalar ta yi ƙamari har sai da hukumar injiniyoyin lardin Ontariyo ta janye sharaɗin ƙwarewar aiki a Kanada a 2023. Maƙwabcin ƙanenka ko dai ya bi wannan siraɗi da ƙafarsa, ko kuma yana zaune da waɗanda suka bi shi, kuma abin da ake tattaunawa a tarukansu ke nan: wace takarda ake fara kaiwa, wace jarrabawa ce take kayar da mutane, yaya ake tsara takardar neman aiki a shafi biyu, wane kamfani ne yake ɗaukar masu zane da masu duba aiki, inda mutum zai fara a ƙaramin matsayi ya hau. Sau da yawa gurbin aiki yakan cika tun kafin a yi tallansa, saboda wani ma'aikaci ya ce da shugabansa ya san mutum mai kyau.

Kai da kake Tawa ba sai an yi maka dogon bayani ba. Yaro ya sauka Abijan da ƙullin kayansa, sai ya nemi mai masaukin mutanen garinsu, a shimfiɗa masa tabarma, a sa hannu da shi a kwano ɗaya, washegari a ba shi ɗan jari a kan tebur, a nuna masa bakin kasuwar da zai tsaya da wanda zai kauce wa. Abin da injiniyoyin Romaniya suka yi shi ne sun ɗauki irin wannan zumunci suka ɗora shi a kan sana'a, kuma a ganina nan ne suka fi mu. Namu ƴan boko in sun haɗu a waje, hirar siyasar gida ce da karo-karon suna da na rasuwa, waɗanda duka alheri ne, amma da wuya ka ji an zaunar da sabon zuwa an buɗe takardunsa ɗaya bayan ɗaya.

Batun coci kuwa, ya kamata ka fahimtar da Inna yadda abin yake. Yawancin mutanen Romaniya Kiristoci ne ƴan ɗariƙar Otodoks, kuma a ƙasar baƙunta cocinsu ya zame musu abin da ƙofar masallaci take zame mana bayan sallar Juma'a: nan ake gaisawa, a ji labarin wanda ya zo da wanda yake neman ɗaki. Zauren da ke gefe wurin taro ne da cin abinci, a nan suke bikin ranar ƙasarsu ta 1 ga Disamba, ba wurin ibada ba ne. Abin da zai kiyaye shi ne abinci da abin sha, domin suna yawan amfani da naman alade, musamman a cikin sarmale, ganyen kabeji da ake naɗe nama da shinkafa a ciki, kuma giya ba ta rabuwa da teburin bikinsu. Ya faɗa musu matsayinsa tun ranar farko, da sakin fuska. Wani dattijo da muke shan shayi tare a wata fada a Yamai, wanda ya yi karatun man fetur a garin Ployeshti na Romaniya yana saurayi, shi ya koya mini dabarar: su ma suna da azuminsu wanda suke barin nama, madara da ƙwai, saboda haka in mutum ya ce a ba shi abincin "de post", wato na azumi, kowa ya gane. Ya ce ranar da aka fara ajiye masa mamaliga a kan faranti na katako, uwar gida ta ɗauko zare ta yanka, sai ya ga tuwon masara ne sak, har ƙwalla ta cika masa ido.

Ina da jan hankali biyu ga ƙanen naka. Kada ya zauna yana jiran maƙwabcinsa ya ɗauko aiki ya miƙa masa, domin ko a Adar ba a tsaya wa wanda ba a ga ƙwazonsa ba. Ya je da tambayoyi takamaimai, ya cika alkawari, in an ce ya aiko da takarda ran Litinin kada ta kai Talata, kuma ya ba da nasa taimakon ko da gyaran Faransancin wasiƙar wani ne. Kada kuma ya tsaya a kansu kaɗai, ya riƙa zuwa tarukan hukumar injiniyoyin, ya gyara shafinsa na LinkedIn, dandalin neman aiki na intanet, ya nemi sauran ƴan Nijar da suka riga shi, ko da su uku ne su fara zama sau ɗaya a wata.

Sauran aikin yana hannunka, ɗan'uwa, kuma ya fi na hana shi fita nauyi. Hukumar za ta nemi sakamakon jarrabawarsa na kowace shekara, da bayanin darussan da ya karanta, da shaidar wuraren da ya yi aiki mai nuna irin aikin da ya yi da hannunsa, ba kwanan wata kawai ba. Waɗannan takardu suna Yamai da Tawa, kuma kai ne za ka iya hawa mota ka je ka tsaya a ofis har a buga musu hatimi. Sannan ku zauna da Inna ku rage masa nauyin aike na ɗan lokaci, domin auna takardu da jarrabawa kuɗi suke ci, kuma wanda ya wuni yana lodi ya ƙara da aikin dare don ya turo jika hamsin gida ba zai iya buɗe littafi ba. In kun yi waya ranar Juma'a, ka tambaye shi ko ya buɗe fayil ɗinsa a OIQ, in bai buɗe ba ya karanto maka jerin takardun da ake bukata ka rubuta, sannan ka miƙa wa Inna wayar ya gaya mata da bakinsa abin da yake ci a wurin taron.