Amsa: Wane fim zan kunna wa yara a gida?

Maman yara, kin ce kina neman fim na ban dariya ko na almara da za ku kalla da 'yan shekara 5 zuwa 12 a nan Agege ba tare da kina wawurar rimot ba. Ki fara da Paddington 2 na 2017, dariya ce zalla, babu batsa. Home Alone na 1990 ma yana kashe yara da dariya, sai dai yaron ciki yana ɗana wa ɓarayi tarko da gwangwanin fenti da dutsen guga, ƙananan yara kuwa gwanayen kwaikwayo ne.

Sharaɗin shi ne kada ki dogara da alamar PG (wato yara su kalla da kulawar iyaye) kaɗai, domin ba ta auna aƙida. Coco na 2017 PG ne, amma labarinsa na wani yaro ne da ya shiga duniyar matattu a ranar da matattu ke dawowa ziyarar danginsu, to ki shirya amsa tambayoyi. Ki kuma sauke fim ɗin a waya tun kafin a zauna, don a Netflix hoto mai inganci na HD na cin data kusan 3GB a awa ɗaya, ga shi ana ɗauke wuta fim na tsakiya.