Ba zan ara maka asusuna ba, ƙanena

Saƙonka na murya ya same ni a cikin bas ina dawowa daga aiki, minti tara cur, na saurare shi har ƙarshe. Barka da samun gurbin karatu, Allah ya sanya albarka. Abu biyu ka tambaya. Na farko, wai abokinka da ya riga ka zuwa Ingila ya ce bankuna uku sun ƙi buɗe masa asusu saboda ba shi da "kiredit sko", to yaya za ka tanadi naka tun daga Kano. Na biyu, ko zan ba ka lambar asusuna a riƙa turo maka fam a ciki kafin ka buɗe naka. Kai ne na huɗu da ya yi mini wannan tambaya tun daga babbar sallah, don haka zan rubuta amsar sau ɗaya, wanda ya sake tambaya in tura masa.

Ta biyun, amsarta a'a ce. Ko Hajiya ka sa ta kira ni, a'a ce. Zan zo kan dalili, amma bari in fara warware maganar abokin naka, don ya cakuɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne.

Abin da suke kira kiredit sko maki ne da ake ba mutum kan yadda yake biyan abin da ake bin sa. Kamfanoni uku ne manya da ke riƙe da wannan kundi a Birtaniya: Experian da Equifax da TransUnion. Kowanne da ma'auninsa, kuma bankin da ka je wurinsa shi ma yana da nasa lissafin da ba zai nuna maka ba. Wanda ya sauka jiya ba mugun maki gare shi ba, kundinsa ne babu komai a ciki. Ko attajirin da ke da shago goma a Kantin Kwari, ranar da ya sauka a Heathrow farar takarda ce. BVN ɗinka da shekarun da ka yi kana hulɗa da bankinka na gida galibi ba sa tsallako teku. Saboda haka ba abin da za ka tanada daga can, kuma duk wanda ya ce ka biya shi ya haɗa maka maki kafin ka zo, ɗan damfara ne.

Amma rashin maki ba kasafai yake hana mutum asusun ajiya da karɓar albashi ba. Abin da yake hanawa shi ne bashi: katin bashi, wayar hannu da ake biya wata-wata, da damar ci gaba da cirar kuɗi bayan naka ya ƙare. Ina kyautata zaton abokinka asusun ɗalibai ya nema, wanda ake tallarsa da kyaututtuka da bashi marar ruwa. Galibin irin wannan an yi shi ne don wanda ya shekara uku a ƙasar. Kai ba naka ba ne, kada ma ka ɓata takalminka.

Abin da ke kayar da baƙo a gaban banki adireshi ne da suna. Banki zai ce kawo shaidar inda kake zaune, mai gidan haya ya ce kawo asusun banki, kai kuma kana tsakiya da akwati. Mafitar ita ce takardar da jami'a ke rubuta wa banki bayan ka kammala rajista, mai ɗauke da sunanka da kwas ɗinka da adireshin da kake kwana. Ka nemi wannan a makon farko, ka haɗa da fasfo da lambar da za ka ciro daga bizarka ta intanet, tunda katin zama na roba da muka yi amfani da shi ya daina aiki a ƙarshen 2024.

Ni harafi biyu ne suka riƙe ni mako uku a 2021. Yadda aka rubuta sunana a fasfo daban, yadda jami'a ta rubuta daban, irin abin nan namu na Muhammad da Mohammed da ba wanda ya taɓa ɗaga kai a kansa a gida. Matar da ke kan teburin ta duba, ta sake dubawa, ta turo mini takarduna ta ce ba mutum ɗaya ba ne. Ina tsaye a gabanta, hotona yana hannunta. Mako ukun nan da kuɗin hannuna gaba ɗaya nake yawo a aljihun ciki, da dare in sa su ƙarƙashin matashi, a gidan da nake zaune da mutum biyar da ban san ko ɗaya ba. Aikin farko da na samu a rumbun kaya ya wuce ni saboda ba inda za su zuba albashi.

In banki ɗaya ya ƙi ka, kada zuciya ta ɗebe ka ka bi layi kana cika fom a biyar cikin mako guda. Wasu neman suna barin tabo a kundinka na kamar shekara, wanda ya duba daga baya sai ya ga kamar mutum ne da ke fafutukar neman bashi. Ka tambayi asusu mafi sauƙi, da suke kira "basic bank account", wanda ba bashi a cikinsa kuma ba a cajin kuɗin wata. Doka ta ɗora wa manyan bankuna tara samar da irinsa ga mai zaman halal a ƙasar wanda bai samu na yau da kullum ba, cikinsu har da Barclays da HSBC da Lloyds da NatWest da Santander, sai dai ba sa ɗaga shi a talla, kai ne za ka ambata da bakinka. Ɗalibai da yawa kuma da bankunan waya suke farawa, irin su Monzo da Starling, don sun fi sauri. Za a yi maka tambayoyi kan inda kuɗinka ke fitowa, ka amsa ba tare da fushi ba. Nijeriya ta shiga jerin ƙasashen da hukumar FATF ke sa wa ido kan safarar kuɗi a Fabrairun 2023, ba a cire ta ba sai Oktoban 2025, kuma bankuna ba sa saurin mantuwa.

Duk wannan ƙaramin abu ne, haƙurin wata guda ne. Abin da ke halaka ɗalibi yana zuwa ne bayan an buɗe asusun, kuma shi ne dalilin a'a ɗina.

A 2022 kason ƙarshe na kuɗin makarantata ya maƙale. An cika Form A a gida, wato fom ɗin neman canjin kuɗin makaranta ta banki, wata da watanni shiru, jami'a kuma tana aiko da wasiƙa bayan wasiƙa. Sai wani bawan Allah da muke sallar Juma'a sahu ɗaya ya ce ya san mai fam da ke neman naira. Baba ya tura naira wani asusu a Nijeriya, ni kuma fam 1,800 suka shigo mini kashi uku, daga sunaye uku da ban taɓa ji ba. Ban ga aibu ba. Haka muka taso muna gani a Wapa: ka miƙa wannan, a miƙo maka wancan, ɗan canji ya san mahaifinka, magana ta ƙare.

Kwana tara bayan nan na sa katina a kanti zan biya kuɗin shinkafa da man girki, ya ƙi. Na buɗe manhajar banki, an rufe. Na kira, aka ce ana bincike, ba za a iya gaya mini komai ba. Na je reshe da ƙafata, amsar ɗaya ce. A lokacin na ɗauka wulaƙanci ne kawai. Daga baya na gane cewa in banki yana zargin kuɗin haram, doka ce ta hana ma'aikaci ya tsegunta maka. Daga tambayoyin da suka yi mini a rubuce na fahimci ɗaya daga cikin masu turo kuɗin damfararsa aka yi, aka ba shi lambar asusuna ya zuba. Wato an wanke kuɗin sata da sunana, an karɓe nairar Baba mai tsabta.

Mako bakwai asusun yana rufe, albashina na ciki, kuɗin haya na ciki. Ba yunwar ce ta fi yi mini ciwo ba, ko da yake na ji ta. Mutumin da ya haɗa ni da su, da na kira shi sau biyu, ya daina ɗauka, Juma'a ma ya sauya masallaci. A gida in irin wannan ta faru akwai wanda za a je wa, a ce ɗan gidan wane ne, mun san shi, ba halinsa ba ne. A nan ba wanda zai tambayi liman ko mai unguwa a kanka. Takarda ce kaɗai ke magana, kuma takardar ta ce kuɗin sata ya shiga asusuna.

Abin da ya cece ni, bayan ikon Allah, shi ne ban goge komai ba. Hirarmu ta WhatsApp, rasit ɗin da Baba ya tura naira, wasiƙun jami'a na neman kuɗi, shaidar cewa washegari na tura kuɗin ga makaranta ban ci ko fam ɗaya ba, duk na haɗa na aika. Sun rufe asusun duk da haka, suka sakar mini albashina, amma ba su sa mini tambari ba.

Tambarin nan shi nake so ka ji tsoro fiye da kowane maki. Akwai wata ƙungiya mai suna Cifas da bankuna da kamfanonin waya da na inshora ke ajiye sunayen waɗanda suka kama da hannu a zamba. In aka shigar da kai a matsayin wanda ya bari aka yi amfani da asusunsa, sunanka yana iya zama har shekara shida. Ba sai an kai ka kotu ba. Kawai za ka ga wannan banki ya rufe, na gaba ya ƙi ka, na bayansa ya buɗe yau ya rufe jibi. Na san wani yaro, bai fi shekara 22 ba, da ya ara wa abokinsa asusu na kwana biyu don a ba shi ɗan na cefane. Ya gama digirinsa da kyakkyawan sakamako a fannin akanta, amma irin aikin da ya karanta ana duba wannan kundin kafin a ɗauke ka. Hukuncin wanke kuɗi a dokar ƙasar nan yana kai wa shekara 14 a kurkuku, kuma "ban sani ba" ba ta cika fitar da mutum cikin sauƙi ba. In an zalunce ka kana da haƙƙin neman Cifas ta nuna maka abin da aka rubuta a kanka kyauta, ka kai ƙorafi bankin, in mako takwas ya wuce ba gamsuwa ka wuce Financial Ombudsman Service, hukumar da ke sasanta ƙorafi tsakanin mutane da bankuna, su ma kyauta ne. Amma wata nawa za ka yi kana wannan jeka-ka-dawo, kana karatu, ba inda albashi zai shiga?

To ka ga in na ba ka asusuna, ba kai nake tsoro ba. Na san tarbiyyar gidanku. Wanda zai turo maka fam ɗin nake tsoro, wanda kai ma ba ka san shi ba. Ko adashi, da muke ɗauka ba komai ba, in mutum goma suna zuba wa ɗalibi kuɗi kowane wata, kwamfutar banki ba ta san adashi ba. In za ku yi, kowa ya turo daga asusun da ke da sunansa, ya rubuta dalili, a ajiye jerin sunaye.

Shi kuwa makin, da kansa yake ginuwa in ka zauna lafiya. Akwai wata dama da yawancinmu ba su sani ba: ɗan Nijeriya mai izinin zama yana da ikon shiga rajistar masu zaɓe a Birtaniya saboda muna cikin ƙungiyar Kwamanwel, haka ɗan Ghana da ɗan Kamaru. 'Yan'uwanmu na Nijar da Chadi ba su da wannan. Shiga rajistar yana tabbatar da adireshinka a wurin kamfanonin nan uku, kuma ba ko sisi. Ka ɗauki layin waya na wata-wata mai arha da sunanka, ka bar banki ya riƙa biya da kansa ranar da aka sa. Maganar katin bashi kuwa, na san za ka tambaya saboda riba. In ka biya duk abin da ka kashe kafin wa'adi ba a ɗora ruwa, amma akwai malaman da ke ƙin ko sa hannu a yarjejeniyar da ta ambaci ruwa. Ka tambayi malamin da ka yarda da shi. Ni ban karɓa ba, makina ya yi jinkirin tashi, amma ya tashi.

Ka kula da ranar tashi daga gida. In sunanka ne a kan takardar wuta ko gas, ka rufe da hannunka, ka ɗauki hoton mita. Kada ka bar wa abokan zama da alƙawarin za su biya. Bashin da aka rubuta ka ƙi biya, ko fam 40 ne, shekara shida yake yi a kundinka, kuma wasiƙun gargaɗin tsohon adireshin za su riƙa zuwa ba ka sani ba. Kada kuma ka buɗe asusun haɗin gwiwa da aboki, yana ɗaure kundinka da nasa.

Gidan da nake ciki yanzu, da na nema, ba wanda ya ce in kawo mai tsaya mini ko in biya wata shida a gaba kamar yadda aka yi mini a farko. Sun duba sunana, kwana biyu suka kira ni in zo in karɓi makulli. Shekara huɗu na yi ina gina wannan, tun bayan waccan matsalar ban makara da biyan komai ko sau ɗaya ba, kuma ba zan ɗora shi a kan fam ɗin da ban san mai shi ba.

Ga abin da zan yi maka. Zan zo in ɗauke ka a filin jirgi, ka sauka wurina har ka sami ɗaki. Zan ba ka kuɗin hannu da za su riƙe ka wata guda, ka biya ni in ka fara aikinka na awa 20 a mako. Ranar zuwa banki tare za mu je. Kai kuma ka gaya wa Baba kuɗin makaranta ya bi ta hanyar da jami'a ta bayar, kai tsaye, ko da canjin ya fi tsada. Yau ɗin nan ka turo mini hoton shafin fasfo ɗinka da takardar CAS, wadda jami'a ta ba ka ta tabbatar da gurbinka, in gwada sunayen harafi da harafi, don gyaran ya fi sauƙi kana can. Kada ka ɗauko kilishi, ba a shigo da nama, za su karɓe a filin jirgi. Kuka da kuɓewa busasshiya dai ka cika mini leda biyu. Ka gaida Hajiya, ka ce mata zan kira ta ranar Lahadi in yi mata bayani da kaina.