Tambaya da Amsa: Zagaya Garuruwan Faransa a Kan Keke

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a birnin Paris, kuma ina so in yi amfani da dogon hutu in ga sauran sassan ƙasar a kan keke. Abin da ke sa ni jan ƙafa shi ne yadda ake yawan cewa Faransawa ba su da sakin fuska ga baƙo. Shin tafiyar ta cancanci wahalarta, kuma wace hanya ce ta dace da wanda bai saba da nisa ba?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka yi wannan tafiya, domin wanda ya san Paris kaɗai bai gama sanin Faransa ba. Ƙasar tana da garuruwa da ƙauyuka kusan 35,000 waɗanda kowannensu ke da magajin garinsa, kuma mafi yawansu ƙanana ne da jirgin ƙasa mai gudu ke wucewa ba tare da ya tsaya ba. Keke ne ke shigar da mutum har tsakiyar dandalinsu, a daidai lokacin da ake fito da burodi daga tanda ko ake baje kolin kasuwar mako.

Ga sabon shiga, ban ga hanyar da ta kai ta gaɓar Kogin Loire ba, wanda shi ne kogi mafi tsawo a ƙasar. An shimfiɗa wa masu keke hanya mai tsawon kusan kilomita 900, daga kusa da Nevers har zuwa Saint-Brevin-les-Pins a bakin Tekun Atlantika, kuma kusan duk shimfiɗaɗɗiya ce, babu hawan dutse mai karya gwiwa. Ba lallai ne ka bi ta duka ba. Ka fara daga Orléans, garin da har yau ke bikin tunawa da jarumar Faransa Jeanne d'Arc a kowane watan Mayu saboda ceton da ta yi masa a 1429, ka gangara Blois, sannan Amboise, inda shahararren mai zane ɗan Italiya Leonardo da Vinci ya ƙarasa rayuwarsa a 1519, shekarar da aka fara gina fadar Chambord. Idan ka wuce Tours ka doshi Saumur, za ka ga abin da na fi so a wannan yanki: ramukan da aka haƙo farin dutsen gina fadoji daga cikinsu sun zama gidajen zama a jikin tsauni, wasu kuma ana noman laimar kwaɗi irin ta ci a cikin sanyinsu. Tun shekarar 2000 hukumar UNESCO ta sanya babban ɓangaren kwarin Loire cikin wuraren tarihi na duniya. Kilomita 40 zuwa 60 a rana sun ishe ka, domin wanda ya mai da hankali kan cin nisa zai wuce garuruwan da ya fito dominsu.

Maganar rashin sakin fuska kuwa, a ganina an yi wa mutanen nan rashin adalci. Bafaranshe yana ɗaukar gaisuwa da muhimmanci ƙwarai, kuma wanda ya shiga shago ya faɗi buƙatarsa ba tare da ya fara cewa "Bonjour, Madame" ko "Bonjour, Monsieur" ba, ana ganinsa a matsayin marar ladabi, sai a amsa masa a daƙile, shi kuma ya tafi yana cewa mutanen ne ba su da kirki. Ka gaisa, ka gwada Faransancinka ko da yana tangarɗa, za ka ga bambanci. Sannan keken kansa yana buɗe maka ƙofa, domin ƙasa ce da take gudanar da gasar tseren keke ta Tour de France tun 1903, kuma a ƙauyuka da yawa akwai dattawan da suka yi rayuwarsu a kan sirdi. Ba abin mamaki ba ne wani ya tambaye ka daga ina ka taso, ya cika maka gorar ruwa, ko ya nuna maka hanyar da ta fi ta taswira. Ban ce ba za ka taɓa haɗuwa da mai ɗaure fuska ba, amma kada tsoronsa ya hana ka haɗuwa da sauran.

Wajen kwana, ka nemi masauki mai ɗauke da tambarin Accueil Vélo, wanda ke nuna cewa yana kusa da hanyar keke kuma yana da wurin adana shi. Idan ka gaji, jiragen ƙasa na yanki da ake kira TER suna ɗaukar keke, sai dai ka duba ƙa'idar kowane layi kafin ka je tasha. Doka ta wajabta sanya riga mai ƙyalli ga mai tuƙi da dare a wajen gari.

TAMBAYA: Ni da maigidana muna son irin wannan tafiya tare da ɗanmu mai shekara 9. Yaya batun abincin halal a ƙauyuka?

AMSA: Hajiya, mahautan halal suna samuwa a manyan garuruwa irin su Orléans, Tours da Nantes, amma a ƙauye da wuya ku same su, don haka ku dogara da burodi, cuku, ƙwai, kifi da 'ya'yan itatuwa, ku kuma riƙa tambaya ko an sa naman alade ko giya a girki. Ku yi sayayya da safe, domin ƙananan shaguna da yawa suna rufewa daga tsakar rana zuwa wajen ƙarfe 2, haka nan ranar Lahadi da yamma, wasu har da Litinin. Shi kuwa yaron, tun 2017 doka ta tilasta wa duk wanda bai kai shekara 12 ba sanya hular kwano, ko shi ke tuƙi ko goya shi aka yi.