Tambaya da Amsa: Wai inspiration wahayi ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a nan Maraɗi, unguwar Bagalam. Mushenmu, wato malaminmu na Faransanci, ya ce mawaƙi ba ya iya tsara waƙa sai da inspiration, da muka ce ya faɗa mana da Hausa sai ya ce wahayi. Ni dai raina bai kwanta ba. Ina kalmar ta samo asali, kuma daidai ne a ce mata wahayi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah shi yi miki albarka. Kalmar daga Latin ta fito, inspirare, in ɗin shi ne ciki, spirare kuma numfashi, ke nan hura iska cikin abu. Shi ya sa in kin je likita aka ɗora miki abin sauraren ƙirji sai ki ji an ce inspirez, expirez, ja numfashi, saki, to kalma guda ce da ta mawaƙin nan, har esprit, wato ruhi, ma ƴar gidan ce. Mutanen da sun ɗauka wani ne yake hura ma mawaƙi magana a ƙirji. Abin da ke burge ni, mu ma a nan iska ita ce mai kaɗawa, kuma ita ce wadda ƴan bori ke cewa ta hau mutum.

Amma batun wahayi kam kin yi gaskiya da ranki bai kwanta ba. A bakin Bahaushe wahayi na annabawa ne, ba a ba mawaƙi shi komi daɗin waƙarsa. Kalmar da ta dace muna da ita, ilhami, aron Larabci ce kuma tushenta na da nasaba da haɗiya, kamar an haɗiyar da kai abu ya faɗa zuciyarka ba tare da wani ya koya maka ba. Duba Suratus Shamsi aya ta 8, fa'alhamaha, wato sai Ya yi mata ilhami. E, a Suratun Nahli aya ta 68 an yi amfani da lafazin wahayi ga ƙudan zuma, amma malaman tafsiri ilhami suke fassara shi a wurin.

Sai ki kula kuma, in an ce wance ta zame miki inspiration a karatu, nan ba ilhami ba ne, cewa za ki yi ta zaburar da ni ko ta ba ni ƙwarin gwiwa. Ki kai ma mushenku wannan bayan an tashi daga aji, cikin ladabi, kar ki gyara masa gaban ɗalibai.