Amsa Daga Zangon Kumasi Kan Ciwon Goggo

Ɗan'uwa, ka tambaya daga Kano ko gaskiya ne mun bari likitoci sun yanka wuyan Goggo, kuma na fahimci cewa ƙasan tambayar akwai zargin da kuka saba yi mana, wai mun zama Asante, wato ƙabilar mutanen Kumasi. Fataucin goro ne ya kawo kakanmu ta garin Salaga da ke arewacin Ghana, a unguwar Aboabo ta Kumasi aka haife mu, kuma har yau liman ne yake raɗa wa 'ya'yanmu suna.

Da wuyanta ya kumbura kowa ya ce maƙoƙo ne. An yi mata tofi, ta sha rubutu, ta sha maganin zazzaɓin cizon sauro, amma zazzaɓin ya ƙi sauka, tana ta ramewa har awarwaronta yana zamewa daga hannu. Matar ƙanena, 'yar Asanten nan da kuka yi ta gunaguni a kan aurenta, ma'aikaciyar jinya ce, kuma ita ta dage aka je asibitin koyarwa.

An fara zuƙo ƙwayoyin nama da siririyar allura, gwajin bai nuna komai ba. Sai da aka yi tiyata aka cire ɓarin halittar da ta kumbura a wuyan, aka yanka naman siri-siri aka duba da na'ura, sannan aka ga cutar dajin fararen ƙwayoyin jini da likitoci suke kira limfoma, irin wadda take taruwa a cikin ƙananan jijiyoyin jini. Tun 1959 aka fara bayaninta, amma ba safai ake ganinta ba, kuma ta fi kama fata da ƙwaƙwalwar tsofaffi. Yawanci ba ta tayar da kaluluwa, ba ta kuma yin dunƙulen da allura za ta tarar, shi ya sa wasu sai bayan rasuwa ake gano ta. An tabbatar da ita ne da wani rini mai nuna alamar CD20 a jikin ƙwayoyin, kuma wannan alamar ce maganin rituximab yake bi.

Kuɗin maganin ya yi mana nauyi ƙwarai, a masallacin unguwa aka yi karo-karo, dangin surukar tamu ma suka kawo nasu. Abin da ya sosa mana rai shi ne, cikin duk saƙonnin da suka zo daga gida, kaɗan ne suka fara da tambayar yaya jikin Goggo. Tana karɓar maganin yanzu, zazzaɓin ya sauka, kuma tana gaishe da Inna.